Ragon Rufe Rani

Bawa yana tsugune a bayan gareji yana wasa wuƙa a kan dutse lokacin da Madam Edith, mai kamfanin, ta fito bakin ofis ta tafa hannu kamar mai kiran kaji.

"Ku saurara! Baƙinmu za su iso bayan azahar. Kowa ya sa rigar kamfani, wankakkiya, ba wadda ya kwana a ciki ba. Malam Bawa zai yanka kamar kullum. Bana kuma Silas ne zai riƙe."

Aka yi tafi. Hamajoɗa makaniki ya ƙwanƙwasa sifana a jikin garwa. Bawa kaɗai bai ɗago ba. Wuƙar ta tsaya masa a tsakiyar dutsen, ruwan da ya yayyafa ya bushe yana kallo, don zafin Jimeta a watan Afrilu ba ya barin komai da danshi.

Kamfanin na haƙa rijiyar burtsatse ne, a wani fili mai katanga a unguwar Damilu. Marigayi mijin Edith ne ya ƙirƙiro al'adar ragon, a shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Yola, lokacin da mutum kan dubi jakar maƙwabcinsa kafin ya dubi fuskarsa. Ma'aikatansa daga ko'ina suke: Fulanin Yola, Hausawan Rumde, Bachama daga Numan, mutanen Michika da suka gudo da rigar jikinsu. Sai ya ce duk ƙarshen rani, kafin ruwan sama ya tsayar da aiki, za a yanka rago a ci tare. Musulmi ne zai yanka, domin kowa ya iya ci. Kirista ne zai riƙe ƙafafu, domin kada a ce ragon na wani ɓangare ne. Sabon shiga a cikin Kiristocin shi ake ba riƙon, alamar ya zama ɗan gida. Kowace shekara a ɗauki hoto a rataye a ofis. Ƙungiyar agajin da ke ba su kwangila tana son hotunan nan fiye da yadda take son ruwan.

Bana an fi kowace shekara bukatar hoton. Tun da wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyi, kowane ɓangare da nasa irin, kowanne yana faɗin abin da ɗayan ke shiryawa, cin abincin rana ya rabu biyu. Wasu a gindin dogon yaro, wasu a inuwar tanki. Ba wanda ya yi faɗa da wani. Gaisuwa ce kawai ta ƙara tsawo da ladabi, irin wadda ake yi wa baƙo. A aikin burtsatse kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bawa ke hawa kan injin, hannunsa a kan liba, mariƙin da ke ɗaga bututu da sauke shi, wani kuma ya tsaya a ƙasa yana daidaita bututun ƙarfe da ya fi shi nauyi. Na ƙasa ba ya ganin libar. Abin da yake da shi kawai yarda ce.

Tun farkon ranin nan Silas ke tsayawa a ƙasa.

Da Bawa ya ɗago, sai ya hango shi jingine da motar injin, mutane suna dafa masa kafaɗa. Yana murmushi. Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manta shi a can.

Cikin watan Janairu ne, suna hanyar Hong su biyu, taya ta yi faci a gefen wata kasuwar ƙauye. Suna jiran gyara, wani mahauci ya kayar da akuya a bayan rumfa, abokin sana'arsa ya danne ƙafafu, ya yi bismilla ya yi kabbara. Abin da Bawa ya gani tun yana goye. Ya juya zai yi magana, sai ya tarar da Silas durƙushe a bakin kwata yana amai, hannayensa a miƙe, yatsun a danƙare, suna riƙe da abin da babu.

Sai da suka yi nisa da garin Silas ya buɗe baki, idonsa a kan kwalta. Ranar da 'yan Boko Haram suka shiga ƙauyensu, kusa da Michika, bai gama sakandare ba. Suka ritsa shi da yayansa Tizhe a gonar dawa. Ba su da yawa, suna bukatar mai riƙe ƙafafu. Suka ce ya riƙe, ko ya kwanta kusa da shi.

"Na riƙe, Baba," ya ce. "Yana ta shure-shure, ni kuma na riƙe da kyau."

Uwarsa, wadda suke zaune ɗaki ɗaya yanzu a Jimeta, abin da ta sani shi ne yana ɓoye a kan dutse ranar. Haka kowa ya sani. A wajen mutanensu, in ji shi, wanda aka ce ya taɓa sa wa mutanen daji hannu a aikinsu, ko da wuƙa ce a wuyansa, ba zai ƙara samun mai ba shi 'ya ba, ko mai sa hannu a kwano ɗaya da shi. Ya ce, "Ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba, Baba." Bawa ya rantse da Allah, hannunsa a kan sitiyari. Bai tambayi dalilin da ya sa aka zaɓe shi ba, shi Musulmi, shi mai yankan kamfani. Wataƙila don ba wanda zai taɓa zuwa wajensa neman wannan labari.

Ya sha tuna ranar rago tun daga nan, amma yakan kwantar da hankalinsa cewa akwai wani sabo bayan Silas, ɗan Numan. Ɗan Numan ya bar aiki makon jiya.

Bawa ya mayar da wuƙar kube, ya bi Edith ofis. Fanka tana juya iska mai zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Hotunan suna jere a bango. A kowanne Bawa yana ƙara tsufa, ragon kuwa kamar shi ne dai na bara.

"Madam, da an bar Vandi ya riƙe."

Vandi mai walda ne, shi ma ɗan wajen Michika, ƙauyensu yana kallon ƙauyen su Silas.

"Vandi ya riƙe nasa tuni. Me ya faru?"

"Ragon bana ƙato ne. Silas ba shi da jiki."

"Mai ɗaga bututu?" Ta yi dariya. "Malam Bawa, na riga na gaya wa baƙi. Ɗan gudun hijira ya zama ma'aikaci, ga shi da dattijo Musulmi a kan rago ɗaya. Matar nan ta ƙungiya har ta ce za ta sa a rahotonsu. Kwangilar baɗi tana cikin hoton nan."

"To a aike shi kasuwa sayo ƙanƙara. In yanka kafin ya dawo."

Ta ajiye biron hannunta. Ta dube shi wani irin duba da ba ta taɓa yi masa ba.

"Akwai wani abu tsakaninka da Silas?"

"Babu."

"Ko an gaya maka wani abu ne a masallaci?"

Bawa ya ji tambayar ta sauka a inda aka nufa. Shi ya tuƙa gawar mijin matar nan zuwa Numan, ya tsaya a bayan coci cikin rana har aka gama. Ashe duk wannan bai kai saƙon murya nauyi ba.

"Babu, Madam."

"To, alhamdu lillahi," ta ce, yadda kowa ke cewa a Jimeta.

Ya samu Silas a bayan tanki yana wanke fuska.

"Ka ce ciki ya dame ka. Ka tafi gida."

"Vandi ya je gidanmu jiya, Baba. Ya gaya wa Mama za a girmama ni a wurin aiki. Ta wanke min rigar nan, ta goge da kanta." Ya share ruwan haɓarsa. "In na gudu zai tambaya. Vandi ba ya gajiya da tambaya. Ya taɓa tambayata wane dutse na hau, don shi ma a dutse ya ɓuya, kuma bai gan ni ba."

"Ka ce masa me?"

"Na ce dutsen yana da girma."

Can gefe ragon yana jan igiyarsa yana cin wani guntun kwali.

"Zan iya, Baba. Rago ne kawai. Zan rufe ido."

Bawa ya dubi hannayen Silas. Ruwa yana tartsatsi daga yatsun, kuma ba Silas ne ke yarfa su ba.

Yana dawowa Hamajoɗa ya tare shi, yana goge baƙin mai da tsumma.

"Kai, Kaɗo! Ka wasa wuƙar nan har ta kusa komawa allura. Yanka za ka yi ko ɗinki?"

"Bafillace, ku da kuke zaman makoki in an yanka saniya, me ka sani a nan?"

"Na san dai bara sai da ka nemi tabarau kafin ka ga wuyan."

Mu'tasim mai kula da sito ya matso. Matashi ne mai gajeren wando da dogon ra'ayi. Ya rage murya kamar zai ba da labarin mutuwa.

"Baffa, ni fa har yanzu raina bai kwanta da wannan abin ba. A ce za a ambaci sunan Allah, ga hannun wanda ba ya salla a kan dabbar..."

"Bara da ka cinye hantar, ran naka ina yake?" Bawa ya ce. "Je ka kula da sitonka."

Hamajoɗa ya yi dariya har da tari. Ita ce dariya ta ƙarshe da aka yi a filin ranar.

Baƙin suka iso bayan azahar a farar mota, mace da namiji, namijin da kyamara a wuya. Aka zaunar da su a rumfa. Edith ta yi jawabi a kan haɗin kai, ta ce a kamfaninta ba a tambayar mutum daga ina yake, abin da ba gaskiya ba ne, amma ya yi daɗin ji. Ma'aikata suka tsaya a jere cikin riga iri ɗaya, 'yan dogon yaro a dama, 'yan tanki a hagu, ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Daga gabas, wajen kogi, wani baƙin hadari ya fara tattaruwa, iska kuwa ko motsi.

Hamajoɗa ya kayar da ragon a bakin ramin da aka tona, ya juya shi alƙibla, ya ja baya. Aka kira Silas. Aka yi masa tafi. Ya zo ya durƙusa, ya haɗa ƙafafun a hannayensa, ya rufe ido kamar yadda ya ce zai yi.

Bawa ya sunkuya, ya kama haɓar ragon, ya zare wuƙar. Ƙarar fitarta daga kube 'yar ƙarama ce, amma idon Silas ya buɗe. Ba ragon yake kallo ba. Ba Damilu yake kallo ba.

Ragon ya yi shuri. Hannun Silas ya ƙara danƙewa, jijiyoyin suka fito. Ya riƙe da kyau. Leɓensa ya fara motsi, a hankali da fari, sannan har Bawa ya ji.

"Tizhe. Kwanta, Tizhe. Yi haƙuri. Kada ka motsa, su gama..."

Vandi yana tsaye daf da bayansa da waya a hannu, yana ɗaukar bidiyo domin ya kai wa uwar Silas. Ya ɗan sunkuyo, fuskarsa ta sauya.

"Silas? Me kake cewa?"

Bawa ya san saura kabbara. In ya yi ta, abin da ke bakin mutumin nan zai fito gaba ɗaya, a gaban Vandi, a cikin wayar Vandi. Ya nemi dalili a kansa. Ya riga ya gwada ƙaton rago, ya gwada ƙanƙara, ya gwada ciwon ciki. Yanzu abin da yake bukata shi ne wanda zai ɗauke kowane ido daga kan Silas a lokaci ɗaya, kuma ba wanda zai ce a ƙara masa bayani. Irin wannan dalili guda ɗaya ne a filin nan, kuma kowa ya daɗe da ajiye shi a aljihu yana jira.

"Tashi!" ya daka tsawa. "Ɗauke hannunka daga kan ragon nan!"

Ya kama wuyan gogaggiyar rigar, ya fincike shi, ya ture shi gefe. Silas ya faɗi zaune a ƙasa. Ya ƙifta ido, ya dubi hannayensa, ya dubi rumfar. Ya dawo hayyacinsa.

Edith ta miƙe. "Malam Bawa! Mene ne haka?"

Bawa ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Ba zan ambaci sunan Allah a kan dabba ba, hannun wannan yana kanta."

Ba wanda ya yi motsi. Mai kyamara ya sauke kyamararsa. Wayar Vandi kuwa ta bar Silas a hankali, ta juyo, ta tsaya a kan fuskar Bawa. Abin da ya nema ke nan, ya kuwa samu.

"Bafillace, zo ka riƙe," ya ce.

Hamajoɗa ya zo. Bai ce Kaɗo ba. Ya riƙe ƙafafun yana kallon ƙasa. Yankan ya yi kyau, wuƙar ta wasu.

Baƙin ba su jira abinci ba. Matar ta ce suna da wani taro a Yola. 'Yan hagu suka kewaye Silas suka tafi da shi inuwar tanki, suna karkaɗe masa riga, suna ba shi haƙuri. Rawar da jikinsa ke yi ba ta ba kowa mamaki ba. Wa aka yi wa wannan wulaƙanci a gaban baƙi bai yi rawa ba? Aka dafa naman, ƙamshi ya cika filin, aka kai musu nasu tire. Ya dawo yadda aka kai shi.

Edith ta sa aka kira Bawa. Ba ta ce ya zauna ba.

"Ka ba ni dalili, Malam Bawa. Ko ƙarya ce zan karɓa. Ka ce zafi ne ya bugi kanka. Ka ce hawan jini. In fita in gaya musu."

"Dalilin shi ne wanda na faɗa, Madam."

"Duk shekarun nan? Kana cin abincinmu, kana..." Ta tsaya. Ta dubi bangon hotuna, inda tun da safe aka buga ƙusar bana. "Vandi ya ce daga yau ba ɗayansu da zai ƙara tsayawa ƙarƙashin bututu in kai ne a kan liba. Ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Bidiyon kuma ya riga ya tura wa mutane. Ban san inda zai kai kafin gobe ba. Litinin ka zauna a gida, sai na neme ka."

"To, Madam."

Yana fitowa Mu'tasim ya kama hannunsa da hannu biyu, ya girgiza.

"Baffa, wallahi na yi maka mummunan zato. Allah ya saka maka. Yau ka fitar da mu kunya." Ya miƙa masa baƙar leda. "Na ware maka cinya da hanta. Akwai da yawa, tunda su sun ƙi."

Bawa ya karɓa. Bai ga abin da ƙin karɓa zai gyara ba.

Bayan la'asar ya tsuguna a bakin famfon bayan gareji yana wanke wuƙar. Hadarin ya rufe rabin sama, iska ta fara ɗaga ledoji. Ya ji tafiya, ya waiwaya, ya tura wuƙar ƙarƙashin tsumma kafin ya gane ko wane ne. Silas ne, da bokiti a hannu. Ya tara bokitin, ya buɗe famfon sosai domin ƙarar ruwan, bai dubi Bawa ba.

"Baba, sun ce an kore ka."

"Ba a kai nan ba tukuna."

"Vandi ya tambaye ni me nake cewa. Na ce addu'a nake yi. Bai ƙara tambaya ba. Yanzu kai yake zagi." Ruwan yana hawa a bokitin. "In na gaya musu, za su bar ka."

"Za su bar ni."

"To in gaya musu?"

"Sai ka fara gaya wa uwarka, kafin ta ji a waya."

Bokitin ya cika, ya fara zuba. Silas ya tsaya yana kallonsa yana zuba.

"Ba zan iya ba, Baba."

"Na sani. Rufe famfon ka tafi. Vandi yana bakin ƙofa yana kallonmu, kada ka tafi haka salin-alin."

Silas ya rufe famfon. Ya ɗauki bokitin, ya dubi Bawa sau ɗaya, idonsa jajur. Sannan ya ja tsaki mai tsawo, ya tofar da yawu kusa da ƙafar dattijon, ya juya.

Tsakin ya fita da kyau, har bakin ƙofa an ji. Bawa ya ga Vandi ya dafa kafaɗar Silas sun fita tare. Ya goge wuƙar ya mayar da ita kube, ya ɗaura ledar naman a bayan babur. Bai taɓa komawa gidansa a Rumde da kaso mai nauyin na bana ba.